Yadda za ka tace labarin mai kafin ka tura shi gaba

Duk wanda ke zaune a Legas ya san labarin mai ba ya jiran rediyo, kafin azahar ya zaga Agege da Mile 12 da Idi-Araba ta WhatsApp, wannan ya ce lita za ta koma dubu biyu gobe, wancan ya ce ai man ma ba ya ƙarewa Turawa ne ke mana ƙarya, wani kuma ya turo muryar wani bawan Allah ta minti tara wanda ba wanda ya san ko waye. Toh kafin ka danna ka tura wa 'yan gida, ga yadda za ka bi shi.

Fara da tambayar wane man ake nufi. Ɗanyen mai daban, fetur ɗin da ake zuba maka a keke daban. Ɗanyen da ganga ake auna shi, ganga ɗaya lita 159, kuma da dala ake cinikinsa. Shi ma kala-kala ne, akwai Brent wanda da shi ake kwatanta farashin namu, akwai WTI na Amurka, namu kuma akwai Bonny Light da 'yan uwansa. In ka ji wai "mai ya faɗi" ka nemi sanin wanne. A watan Afrilun 2020 lokacin korona farashin WTI ya yi ƙasa da sifili, kusan dala 37 ƙasa, saboda wurin ajiya ya kusa cika kuma masu riƙe da takardar cinikin watan suna neman kai da ita. Ba wanda aka zuba wa fetur kyauta a Ikeja ranar.

Daga nan sai ka leƙa wajen 'yan canji. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafi ya tafi, aka kuma saki naira a watan Yuni, kuɗin litarka ya koma lissafi ne: farashin ganga, sau farashin dala, a ɗora kuɗin tacewa da dako da ribar depo da ta gidan mai. Shi ya sa ganga za ta iya sauka a duniya amma dala ta hau a nan, kai kuma ka ga mita ba ta motsa ba. Matatar Dangote da ke Ibeju-Lekki, mai ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, amma ɗanyen da take tacewa ba sadaka ake ba ta ba, ko da aka fara sayar mata da naira a Oktoban shekarar farashin duniya ake bi, har daga Amurka ta sha sayowa. Wanda ya ce maka tunda matata na bayan gida dole mai ya koma ɗari biyu, bai yi lissafin ba.

Yanzu ga wadda ta fi cin lokaci a teburin mai shayi, wato asalin man. In wani ya ce ai Allah ne ya halicce shi, ce masa ƙwarai kuwa, ba a nan gardamar take ba, ta wace hanya ya samu ake tambaya. Abin da kusan duk masana ƙasa suka tsaya a kai shi ne daga matattun ƙananan halittun ruwa da gansakuka ne, suka kwanta a ƙasan teku laka ta binne su, zafi da nauyi suka dafa su shekaru miliyoyi. Ba wai zato ba ne kawai, tun shekarun 1930 wani Bajamushe Alfred Treibs ya gano a cikin ɗanyen mai akwai ragowar sinadarin nan da ke sa ganye ya yi kore. Ɗaya ɓangaren kuma, kar ka raina su don ba mahaukata ba ne: Mendeleev na Rasha tun 1877, sai Nikolai Kudryavtsev a 1951, daga baya Thomas Gold, sun ce a'a, man daga can ƙuryar ƙasa yake tasowa ba ruwansa da wata halitta. Kuma gaskiya ne iskar gas na iya samuwa ba tare da halitta ba, an ga haka. Amma da aka je gwadawa fa? A 1986 aka fara haƙa a Siljan ta ƙasar Suwidin bisa maganar Gold, aka nutsa sama da kilomita 6 cikin dutse, abin da ya fito bai kai na kasuwa ba, shi ɗin ma wasu suka ce daga man da aka yi aikin haƙar da shi ne.

Don haka in an turo maka bidiyon "mai ba ya ƙarewa", tambaya ɗaya za ka yi: ina rijiyar da ake lodi daga cikinta? Kamfanin mai ba ɗan ƙungiyar kowa ba ne, kuɗi yake bi, kuma har yau inda tsohuwar laka ta taru suke zuba dalolinsu, irin Neja Delta inda aka samu mai a Oloibiri a 1956, ko Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe inda Buhari ya ƙaddamar da haƙa a Nuwamban 2022. Ni a ganina ko da gobe aka tabbatar ƙasa na tsatso mai kaɗan-kaɗan ba abin da zai canja, duniya na shan ganga kusan miliyan 100 kullum, rijiyar da ake ɗiba da injin ba ta jiran tsatso.

Sai tamu ta gida, wai man kudu ai daga arewa ya gangaro. Eh, Neja da Binuwai sun kwaso laka sun zube a can, amma mai ba ya bin kogi ya gangara, kuma a tsarin mulki duk ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, jihohin da ake haƙa a cikinsu suna karɓar kashi 13. Kar ka ɓata da maƙwabcinka ɗan Bayelsa a kan wannan, wuce kawai.

Masu cewa ya kusa ƙarewa su ma kar ka haɗiye nasu ɗanye. A 1956 wani masani Hubbert ya ce haƙar Amurka za ta kai ƙololuwa wajen 1970 ta fara sauka, kuma haka aka yi, aka yi ta jinjina masa shekara da shekaru, sai ga dabarar fasa dutse da ruwa ta zo, a 2018 Amurka ta wuce wancan adadin ta zama ta ɗaya a duniya. Abin da za ka riƙe shi ne wanda ke kwance a ƙasa daban, wanda ke fitowa kullum daban. Benezuwela ta fi kowa na kwance, ganga wajen biliyan 300, amma takunkumi da lalacewar kayan aiki sun durƙusar da ita. Mu muna da wajen biliyan 37, amma a Satumban 2022 ko miliyan ɗaya a rana ba mu iya fitarwa ba saboda sata da fasa bututu. Duk labarin da ya ba ka biliyoyi bai faɗi nawa ke fita a rana ba, rabin labari ne.

In kuma labarin yaƙi ne, buɗe taswira a wayarka. Nemo mashigin Hormuz tsakanin Iran da Oman, ɗan siririn wuri ne amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta nan ya saba bi. Duba shin jiragen sun daina wucewa ne ko barazana ce tukuna, don barazanar kaɗai tana ɗaga kuɗin inshora da farashi, sai dai irin wannan tashin yakan sauka da wuri in ba abin da ya faru. Na gaske shi ne irin na 1973 da Larabawa suka hana Amurka da wasu ƙawayen Isra'ila mai, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12. Na Rasha a 2022 kuma wani salo ne, ganga ta haura dala 120, amma man bai ɓace ba, hanya ya sauya zuwa Indiya da Sin da rangwame. Sannan ka lura da bakin da maganar ta fito. OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, wadda aka kafa a Bagadaza a 1960 muka shiga a 1971, tana son farashi ya yi tsada daidai yadda ba za a guje ta ba, shugaban Amurka yana son ya yi arha musamman in zaɓe ya matso, mu kuwa a tsakiya muke, ganga ta hau gwamnoni su yi murmushi ranar rabon kuɗi, mai keke ya yi tsaki.

Amma fa yawancin layin mai na Legas ba daga Hormuz yake zuwa ba, daga Apapa ne, inda depo-depon lodin mai suke. Yajin aikin direbobin tanka, ko depo sun riƙe kaya suna jiran sabon farashi, ko irin na Fabrairun 2022 da aka shigo da gurɓataccen fetur aka janye shi. Wannan kam ba sai ka tambayi masani ba. Kira ɗan uwanka direban tanka ko yaron mota ka ce, "Yallaɓai, ana lodi yau kuwa?" Leƙa gidan man unguwarku ka ga famfo nawa ke aiki, in shida ne suka rufe biyar aka sa sarƙa a ƙofa ana shigar da mota ɗai-ɗai, ga 'yan bumburutu sun jera jarka da mazurari a bakin titi tun asuba, to da magana. In kuwa bidiyon dogon layi aka turo maka, tsayar da shi ka ƙura wa allon farashin gidan man ido, sau da yawa za ka ga an rubuta 165, kaga tsohon bidiyo ne na kafin a cire tallafi.