Matakan tsara ɗumama tsohon gida lokacin gyara

Da farko zagaya gidan ka gano inda ɗumi ke zurarewa: rufi, tagogi, ƙasan ƙofofi. Toshe su tukuna, musamman rufin.

Sannan gwani ya auna yawan ɗumin da kowane ɗaki ke buƙata, kafin ka sayi komai. Idan ka zaɓi na'urar da ke jawo ɗumi daga iskar waje, ta fi aiki da ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 45 na Celsius, wanda ya dace da bututun ɗumama ɗaki ta ƙarƙashin daɓe, don haka a shimfiɗa bututun kafin a yi daɓe. Fasa sabon daɓe abin takaici ne.

Tsohon bango a yaɓe shi da farar ƙasa maimakon siminti, kada danshi ya maƙale ciki. In murhun itace ko gas za ka sa, kafa na'urar gargaɗin iskar kabon monoksayid, iska mai guba marar wari da murhu kan iya fitarwa.