Kurakuran da baƙi ke yi a bakin tekun arewacin Ingila

Wanda ya tashi a Kano ko Maradi, ruwan da ya sani mai ladabi ne. Dam ɗin Tiga yana nan inda ka bar shi jiya, kogi kuma ba ya cikowa sai an yi ruwan sama, shi ma hadari yakan yi sallama tukuna. Tekun gaɓar Northumberland, a arewa maso gabashin Ingila, ba haka yake ba. Sau biyu a kwana ɗaya yake tattara nasa ya nasa ya janye, ya bar fili fetal na yashi iya ganinka, sau biyu kuma yake dawowa ya rufe filin, ko da sama garau take babu ɗigon ruwa. Na sha raka ɗalibai da baƙi daga Newcastle zuwa Bamburgh da Holy Island, kuma kusan duk kuskuren da na gani daga wuri ɗaya yake tasowa: mutum ya ga yashi ya ɗauka tudu ne, alhali kwancin teku ne, mai wurin ya ɗan fita ne kawai.

Na farko shi ne fitowa daga gida ba tare da duba jadawalin cikowar ruwa ba, ko kuma dogaro da na jiya. Tsakanin cika ɗaya da mai bi mata akwai kimanin awa 12 da minti 25, saboda haka kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Abokinka da ya je ranar Asabar ya ce maka ƙarfe 11 na safe fili ne, gaskiya ya faɗa, amma kai da za ka je Asabar mai zuwa, a daidai wannan lokacin ruwa za ka tarar. Ka duba na ranar da za ka je, kuma na wurin da za ka je, don na Newcastle daban, na Holy Island daban. Akwai wani ɗan tarko kuma: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Birtaniya tana tura agogonta gaba da awa ɗaya, ya yi daidai da na Najeriya, amma wasu jadawalai suna nan a kan agogon GMT. Ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa ka ga ko an riga an gyara.

A nan mu masu lissafin watan Musulunci muna da wata riba da da yawanmu ba su lura da ita ba. Wata ne ke jan tekun, rana na taya shi. Kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar sabon wata, da kuma bayan daren sha huɗu, ruwa yakan janye can nesa ya kuma ciko da ƙarfi fiye da kullum. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa yakan yi sanyi-sanyi, bai janye sosai ba, bai ciko sosai ba. Ranar da filin ya fi faɗi da ban sha'awa, ita ce ranar da ruwan zai fi gudu idan ya juyo.

Kuskure na biyu ya fi na farko haɗari, don har masu duba jadawali suna faɗa masa. Mutum yakan tsaya yana kallon teku a gabansa, ya ga yana can nesa, hankalinsa ya kwanta. To ruwan ba ta gaba kaɗai yake zuwa ba. Filin ba shimfiɗe yake kamar faifai ba, akwai kwaruruka da magudanai da ido ba ya kula da su idan sun bushe. Su ruwan yake fara bi, ya zagayo ta bayanka shiru, kai kana kan ɗan tudun yashi kana ɗaukar hoto. Kafin ka waiwaya, tsakaninka da gaɓa akwai rafi mai gudu wanda ɗazu babu shi. Gaba kura, baya sayaki. Kuma cikowar ba da taki ɗaya take tafiya ba: a awa ta farko a hankali take, har ka raina ta, amma rabin ruwan gaba ɗaya a awa ta uku da ta huɗu yake shigowa. Maganin abin mai sauƙi ne. Ka fita lokacin da ruwa ke janyewa, ka riƙa waiwaye, duk kwarin da ka tsallaka da jiƙar ƙafa ka ƙidaya shi, kuma da zarar lokacin ƙarshen janyewa ya yi ka kama hanyar dawowa, ko da idonka na ce maka da saura.

Wanda yake ganin ana zuzuta abin, ya tambayi mutanen Morecambe Bay, a ɗaya ɓangaren, arewa maso yamma. A daren 5 ga Fabrairu 2004 ruwa ya rutsa da 'yan ci-rani 'yan ƙasar Sin da ke tonon ƙananan dodon koɗin teku a cikin yashi, aƙalla mutum 21 suka rasu. Wurin yana da wuyar sha'ani har masarautar Ingila ta daɗe tana naɗa jagora na musamman mai tsallakar da mutane. Cedric Robinson ya riƙe wannan aiki daga 1963 zuwa 2019, kuma kafin kowace tafiya sai ya fita ya gwada hanya ya kakkafa rassan itace, domin magudanan ruwan suna sauya wuri. Mutumin da ya shekara 56 a kan yashin nan bai yarda da hanyar makon jiya ba, balle kai da ka sauko daga jirgin ƙasa da safe.

A irin waɗannan wurare akwai kuma yashi mai haɗiye ƙafa. Idan ka ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashinka kamar kunun da ya yi sanyi, ka koma ta inda ka fito. Idan ƙafa ta riga ta nutse, kada ka yi ta fizge-fizge, ƙara kama ka zai yi. Ka ajiye jaka, ka kishingiɗa ta baya don nauyinka ya bazu, ka zaro ƙafa ɗaya-ɗaya a hankali, takalmi in ya tafi ya tafi.

Sai masu mota. Holy Island, wadda ake kuma kira Lindisfarne, tsibiri ce rabin lokaci. Tun shekarar 635 aka kafa gidan ibadar Kirista a can, 'yan Viking, mahara daga arewacin Turai, suka kai masa hari a 793, kuma har yau hanyar shiga ɗaya ce ga mai mota: kwalta da aka shimfiɗa a kan yashi, wadda teku ke rufewa sau biyu a kwana. Hukumar gundumar Northumberland tana wallafa lokutan da za a iya tsallakawa, a intanet da kuma a allo a bakin hanyar. Duk da haka ba a rasa direban da zai iso a makare, ya ga ruwa bai wuce idon sawu ba, ya ce bari ya taka. Mu da muka saba kutsawa cikin ruwan da ya kwanta a titi da damina mun fi kowa saurin yin wannan lissafi. Bambancin shi ne wannan ruwan ƙaruwa yake yi, gishiri ne, kuma tsakiyar hanyar ta fi bakinta zurfi. Shi ya sa aka gina ɗan farin ɗaki a kan dogayen ƙafafu a tsakiya, inda mutum zai hau ya zauna yana kallon motarsa tana nutsewa har masu ceto su iso. Masu son bin tsohuwar hanyar ƙafa, wadda aka yi wa alama da dogayen sanduna, su sani lokutan da ke kan allo na motoci ne. Tafiyar ƙafa ta kai kusan mil 3 cikin laka, ba a fara ta ruwa na cikowa.

Batun sutura ba ya kisa kamar na ruwa, amma shi ya fi ɓata wa mutane yini. Rana takan fito fes a Newcastle, mutum ya sa shadda mai sitaci da hula don hoto. A bakin teku iska ba ta san wannan ba. Ni kaina na taɓa bin hulata da gudu a yashin Bamburgh, a ƙarƙashin katafaren gidan sarautar nan, yara na dariya, ban kuma same ta ba. Babbar riga takan zama tantin da iska ke ja, dogon hijabi mara nauyi kuma sai an riƙe shi da hannu biyu. A sa kaya kashi-kashi: mai ɗumi a ciki, rigar sanyi a tsakiya, a sama kuma wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Mata su ɗaura ɗankwali mai kauri su cusa bakin mayafi cikin kwat. Wandon jins idan ya jiƙe ba ya bushewa, yana tsotse ɗumin jiki. A ajiye busasshiyar safa a mota.

Ka kuma lura da inda iskar ta dosa. A Birtaniya yawanci daga yamma ko kudu maso yamma take kaɗawa, wato a wannan gaɓa ta gabas daga tudu take turawa zuwa teku. A irin wannan rana ruwan kusa da gaɓa yakan kwanta lumui, ya yi kyau, amma ƙwallo ko robar da ake hurawa don yara ta shiga, ta tafi kenan. A bar ta. Mutane sun halaka wajen bin abin da bai kai fam biyar ba.

Wanda ya iya iyo a kududdufi ko a kogi, kada ya ɗauka ya gama. Tekun Arewa, wato tekun wannan gaɓa, ko a tsakiyar lokacin zafinsu da ƙyar yake kai maki 15 a ma'aunin Celsius, kuma ruwa mai irin wannan sanyi yana sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, numfashin ya rikice na kusan minti ɗaya. A wannan mintin ake shaƙar ruwa. Shawarar ƙungiyar ceto ta RNLI ita ce in ka faɗa, kada ka fara iyo nan take: ka kwanta rigingine, kunnuwa cikin ruwa, ka baza hannuwa da ƙafafu har numfashi ya daidaita. Iya ruwa fidda kai, kuma a nan fidda kan yana farawa da kwanciya shiru. In za a yi wanka, a nemi wurin da ke da masu gadi, tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya. In ka ga wani cikin haɗari, kada ka bi shi. Ka kira 999 ka ce "Coastguard", wato hukumar ceto a teku.

Ƙananan abubuwa kuma: hazon teku yakan sauko a wannan gaɓa cikin 'yan mintuna, ko a rana mai haske, ya shafe gabas da yamma, don haka da ka hango shi ka nufi tudu. Sanyi yana shanye batirin waya. A watan Disamba magariba tana yi kafin ƙarfe 4, a Yuni kuwa sai wajen 10 saura. Manyan fararen tsuntsayen bakin teku halin shirwa gare su, suna fizge kifi da dankali daga hannun mutum.

In ka shiga Holy Island ka ga lokaci ya ƙure, zama ya fi. Hanyar takan rufe na sa'o'i da dama, masu yawon buɗe ido duk sun watse, ƙauyen ya yi tsit sai ƙarar iska. Ka sayi shayi mai zafi, ka zagaya kangon tsohon gidan ibadar. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, sai dai yatsunka za su daɗe suna tuna maka. Ka ɗora takalma a kan kusurwoyin darduma kafin ka tayar da kabbara, in ba haka ba iska za ta kai ta inda ta kai hulata.