Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Suzuki SJ410

Kafin ka biya kuɗin motar Suzuki SJ410 da ta daɗe a yashe, ka shiga ƙarƙashinta da guduma ka ƙwanƙwasa shasin, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, musamman inda sifirin yake maƙale, domin tsatsa tana ɓuya ƙarƙashin busasshen laka, kuma ruɓaɓɓen shasi ya fi mataccen inji cin kuɗi.

Injinta mai silinda 4 da cc 970 ba ya son gaggawa. Ka cire fulogi, ka ɗiga baƙin mai cikin kowace silinda, ka bar shi ya kwana, sannan ka juya injin da hannu. Ka zubar da tsohon fetur, ka wanke tanki da kafireta, ka sabunta birki. Fenti, wanda yawancin mutane suke ɗokinsa, sai bayan an gama walda.