Yadda Za A Tattara Tarihin Tsohon Ɗakin Sujada Na Sistoci A Zariya

Wanda ke son rubuta tarihin ɗakin sujada na gidan sistocin Katolika ya fara da neman izinin shugabar gidan, domin wurin ibada ne da ake shiga da ladabi. Idan aka ba shi dama, sai ya duba dutsen harsashi da jikin ƙararrawa da gefen bagadi, inda aka saba zana shekarar gini, ya ɗauki hotonsu da safe kafin rana ta yi ƙarfi.

Takardu sun fi wahalar samu. An kafa dayosis (wato yankin majami'un da bishop ɗaya ke kula da su) na Zariya ne a shekarar 2000, bayan an cire shi daga na Kaduna, saboda haka tsofaffin wasiƙu sai an bi su har Kaduna, a kuma leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke can.

A ganina, hira da tsofaffin sistoci da dattawan Sabon Gari ita ce ta fi gaggawa, domin kullum raguwa suke yi. A gaishe su da girmamawa, a naɗi muryarsu da yardarsu, sannan a gwada kowace shekarar da suka faɗa da abin da ke rubuce.