Idan harsasai na warwatsuwa a jikin allo

'Yan'uwa masu zuwa filin gwajin harbi, kafin a ɗora wa bindiga laifi, a fara duba sukurorin da ke riƙe da madubin saiti, wato madubin hangen nesa da ake ɗaurawa a kan bindiga. Ni kaina na taɓa ƙona kwalin harsashi guda a mita 100 ina ta tsaki, ashe sukuru ɗaya ne ya yi sako-sako.

Kar a jingina bututun bindigar a kan katako, ƙotar gaba, wato mariƙin da ke ƙarƙashin bututun, ake ɗorawa bisa buhun yashi. Bututun kuma in ya ɗau zafi, harsashi yakan kauce, sai a bari ya huce. In za a gwada ko harsasai na taruwa wuri ɗaya, harbi uku yaudara ne wallahi, a yi biyar, duk daga kwali ɗaya.