Yadda za ka raya kututturan gonarka har su kai ka ga kuɗin kabon

Gonarmu ta gado tana bayan Gwadabawa, kan hanyar Illela. Da can duk bazara sai mu sassabe ta ƙal, mu tara sabara da kalgo mu cinna wuta. Na daina ne bayan na ga gonakin Maraɗi, inda Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, da manoma suka fara abin da suke kira sassabin zamani a 1983.

Ba dashe ba ne. Kututturen da kake sarewa duk shekara, saiwarsa tana nan da ranta a ƙasa. Ka zagaya gona kafin shuka, ka zaɓi kamar arba'in a hekta ɗaya. A kowanne ka bar tsiro uku zuwa biyar masu ƙwari, ka cire sauran. Rassan gefe kuma ka datse su daga gindi zuwa rabin tsayin tsiron da adda mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ni ina ɗaura jan ƙyalle, mai neman itacen girki ya san da mai shi. Gawo dai kada ka taɓa shi: da damina yake zubar da ganye, gero ya sha rana a gindinsa, da rani kuma 'ya'yansa abincin tumaki ne.

Maganar kuɗin ita ce mai son haƙuri. Itace na zuƙar iskar kabon ya adana a jikinsa, kuma tan ɗaya nata shi ne takardar shaida ɗaya da kamfanoni ke saye, bayan hukumomi irin su Verra ko Gold Standard sun tantance. Gona ɗaya ba ta isa biyan masu awo ba, sai an yi ƙungiya. A Humbo ta Habasha, fiye da hekta 2,700 aka haɗa.

Don haka tun yau ku ɗauki hoton gonar yadda take, da kwanan wata, ku tabbatar da iyakoki a gaban hakimi da magada. Duk shekara ku auna kaurin itatuwan daidai ƙirji, ku rubuta a littafi. Ku zauna da makiyaya tun kafin kaka.

In an kawo yarjejeniya, takan kai shekara 30. A karanta muku ita da Hausa, ku ji kason manomi, da abin da zai faru in gobara ta ci, da ko an yarda ku ci gaba da sassabe rassa don girki. Wanda ya ce ku fara biyan kuɗin rajista, ku sallame shi.