Yadda ake mayar da tsohon ginin kasuwa gidan wasan sakas na zamani

Duk wanda ya shiga tsohuwar kasuwa mai rufi ya ɗaga kai, ya ga tsawon rufi da faɗin fili, sai zuciyarsa ta raya masa cewa saura kawai a kawo kujeru. A nan ake faɗawa rami. Sakas na zamani ba na zakuna da giwaye ba ne. 'Yan alkafura ne, da masu lilo a sama, da masu hawa sanda, da masu tafiya a kan waya, kuma duk a jikin ginin suke rataye rayukansu.

Abu ne mai yiwuwa, an ma yi. Halles de Schaerbeek da ke Brussels kasuwa ce da aka gina a 1865, yau ana wasan sakas a cikinta. Grande Halle de la Villette a Paris kuwa kara ce ta shanu da aka buɗe a 1867, sai a shekarun 1980 aka mayar da ita wurin wasanni.

Fara da awo. Kada ka auna tsawo daga ƙololuwar rufi, auna daga ƙarfen da ya fi kowane sauka ƙasa, domin shi ne zai tare mai lilo. Masu hawa dogon ƙyallen da ake ratayowa daga sama suna son mita 7 zuwa 8, masu tashi daga lilo zuwa lilo kuwa sai ya haura mita 10. Faɗin da'irar sakas ta asali mita 13 ne. Ba dole ka yi da'ira ba, amma idan tsakanin ginshiƙai bai kai haka ba, ka san cewa akwai wasannin da ba za su taɓa shigowa ba.

Daga nan sai injiniyan gini, tun kafin ka sayi ko gwangwanin fenti. Na ga wasu matasa da suka yi akasin haka. Sun goge bango, sun jera kujeru, sun ɗaura igiya a ƙarfen rufi suna gwaji har makonni. Ranar da injiniya ya hau tsani ya kankare fentin da ke mahaɗar ƙarfen, tsatsa ce ta zubo masa a tafin hannu kamar garin bulo. Nan take ya sa aka kwance igiyar. Kuɗin da ya kamata a yi aikin ƙarfe da su sun riga sun tafi a kwalliya.

Dalilin shi ne, rufin kasuwa an yi shi don ya ɗauki nauyin kansa da iska da ruwa, nauyin da ke shimfiɗe ko'ina. Mai wasa kuwa wuri ɗaya yake ja, kuma fizga yake yi. Idan ya sako kansa daga sama ƙyalle ya cafke shi, abin da ƙugiya ke ji ya ninka nauyin jikinsa sau da yawa. Shi ya sa masu ɗaurin igiya suke neman kowane maɗauri ya iya jure ninki 10 na abin da za a ɗora masa. Ga kuma matsalar ƙarfen zubi, wanda yawancin ginshiƙan kasuwannin ƙarni na 19 da shi aka yi su. Yana jure danniya daga sama, amma ba ya jure ja ko lanƙwasa, kuma ba ya gargaɗi. Ɓallewa yake yi farat ɗaya.

Ni dai ƙa'idata ita ce, kada a rataye ɗan Adam a tsohon rufi, ko da injiniya ya ce zai ɗauka. A gina sabon firam na ƙarfe a cikin ginin, mai tsaye da ƙafafunsa a kan nasa harsashin, ba ya taɓa tsohon gini ko kaɗan. Hukumar kula da gine-ginen tarihi ma ta fi saurin amincewa da wannan, don gobe ana iya kwance shi a bar kasuwar yadda aka same ta. Huda ginshiƙi ko yi masa walda kuwa, kada ma ka kai musu maganar. Idan aljihu bai kai ba, ka yi hayar firam na wata shida ka ga inda masu wasa suka fi buƙatar ƙugiya, sannan ka yi na dindindin.

Kada ka manta da ƙasa. Wayar tafiya da sandar hawa gefe suke ja, don haka suna buƙatar turaku a cikin daɓe, binne cikin kankare. Bincika tukuna ko akwai ɗakunan ajiya a ƙarƙashi, kasuwanni da yawa suna da su. Shi ma daɓen za ka tarar ya karkata wajen magudanar ruwa, saboda wanke shi ake yi kullum. Karkatar da ido ba ya gani tana isa ta kayar da mai tsayuwa da hannu. A daidaita, a shimfiɗa katako mai ɗan dawo da ƙafa a sama.

Sauran aikin sananne ne. Rufin gilashi yana son baƙin labule mai jawuwa, labule mai kauri a bango kuma yana kashe amsa-kuwwa. A toshe kafofin iska, don sanyi yana ɗaure jijiyar mai wasa. A gwada tsohon fenti ko akwai dalma kafin a kankare shi. Ƙofofin kasuwa da yawa suke, a bar su don fitar gaggawa. Kujeru su zama masu naɗewa.

Kafin mutum na farko ya hau, a rataya wa kowane maɗauri nauyin gwaji, a buga masa lamba, a rubuta ranar gwajin da iyakar abin da zai ɗauka a littafin da ke ajiye a gindin firam ɗin.